Faifan Inna Ƙarƙashin Kofin Baƙi

Dakoro, ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin wanda kika koya mini, ina fatan makwancinki yana cikin haske da yalwa. Baba lafiyarsa lau, sai ciwon gwiwar da kika sani. Gwaggo Habsu ma tana nan.

Ina zaune ne a kan bencin da ke ƙofar biro ɗinmu, wato ofishinmu. Yanzu na dawo daga tasha, inda na sa wani kwali a motar Maraɗi. Hannuna bai daina ƙanshin kaba ba. A cikin kwalin akwai ƙananan faya-fayai masu ɗauke da zanenki, za su wata ƙasa mai nisa, kuma a can ba rufe abinci za a yi da su ba. Kofi za a riƙa ɗorawa a kansu. Ni na ba da izini. Ban sani ba ko na yi daidai, shi ya sa na zauna in faɗa miki yadda abin ya faru daki-daki. Abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan ce an gaya mini.

Kin tafi ban gama jami'a ba. To, na gama, Inna. Na samu lisansi, wato digiri, a harshen Ingilishi, harshen nan da kika ce, "Faransancin bai ishe ki ba, sai kin ɗauko ma kanki wani kaya?" Yanzu ina sitaj, wato koyon aiki, a wata ƙaramar ƙungiya nan Dakoro, mai nemo wa mata kasuwar aikin hannunsu. Shugabanmu Mushe Sani, wato Malam Sani a faɗar Faransa, yana jin Faransanci kamar ruwa, amma ba ya jin Ingilishi, don haka duk saƙon da ya zo da harshen ni ake miƙa wa. Lokacin da muke ɗaukar hotunan kayan mata don nuna wa masu saye, na ɗauko faifanki ɗaya da nake ajiye da shi a ƙasan akwati, na sa aka ɗauke shi. So nake a gani. Ban yi tunanin abin da zai biyo bayan ganin ba.

Wata safiya Mushe Sani ya miƙo mini wayarsa. Wata mata mai shago a ƙasar masu jin Ingilishi ta ga hoton, ta rubuto cewa tana son wannan zane, amma a yi mata shi coaster. Na karanta kalmar da ƙarfi, na ce kosta. Mushe Sani ya kwashe da dariya, ya ce, "Mota take so mu ɗinka mata? Ki ce mata kabarmu ba ta kai ba."

Ni ban yi dariya ba. Kosta ɗaya na sani, doguwar motar fasinja da kika taɓa raka ni na shiga, kina ja wa direba kunne kada ya yi gudu. Na ce a ba ni lokaci, na buɗe ƙamus.

Inna, da ban buɗe ba. Ashe kalmar tsatsonta daga sunan gaɓar teku ne. Ma'anarta ta farko jirgin ruwa ne mai bin gaɓa, daga wannan tasha zuwa waccan, ba ya kutsawa tsakiyar teku. Ana kuma kiran mutumin da ke zaune a bakin teku da ita. A ƙarni na sha tara, zamanin da kakanninmu ke fataucin gishiri da goro, haka Turawa ke kiran ɗan'uwansu da ya daɗe a gaɓar Afirka ta Yamma har ya saba. Akwai wani lilon ƙarfe da ke hawa sama da mutane ya gangaro da su a guje suna ihu, kuma wai biya suke yi a yi musu haka, shi ma da kalmar a sunansa. Akwai wani irin birkin keke. Akwai abin da yara ke hawa su sulale a gangare. Motar tasharmu kuwa, suna ne kawai kamfanin da ya ƙera ta ya raɗa mata. Na karanta duka sau biyu, kaina ya ɗau zafi. Shekarun da na yi a jami'a, ga kalma ɗaya ta tsaya mini kamar jakin da ya ga rijiya.

Can ƙasa na ga wadda ta dace: ɗan abu mai faɗi da ake ajiyewa a kan tebur a ɗora kofi, don kada zafi ko danshin kofin ya ɓata katako. Don in tabbatar, na roƙi matar ta aiko hoto. Ta aiko. Shi ne. Na yi ajiyar zuciya, na zaci an wuce wurin mai wuya.

Na hau kabu-kabu na tafi garinmu. Matan suka taru a inuwar bishiyar bedi ta gidan Gwaggo Habsu, har da Laure maƙwabciyarki, wadda har yau bakinta bai mutu ba. Na ce musu ana son ƙananan faya-fayai, faɗin tafin hannu, na kofin shayi, da zanenki. Abin da na faɗa ke nan, kalma da kalma. Suka ce wannan ai ba aiki ba ne. Gwaggo ta ce ita za ta fara, tunda a hannunki ta koyi zanen kuma ita kaɗai ta rage da ta iya shi.

Da na koma na tarar da su a jere bisa tabarma. Inna, sun yi kyau. Kowanne da ɗan tudu a tsakiya kamar malafa, kowanne da ɗan kunne a ƙololuwa na ɗagawa. Laure ta kawo shayi don a gwada. Na ɗauki ɗaya na ajiye a ƙasa, na ɗora kofin a kai. Kofin ya karkace ya kife, shayi ya bi tabarma.

Gwaggo ta ce, "Ke, mi kike yi haka? Bisa ake ɗora shi."

Na ce a'a, ƙasa ake sa shi, kofin ne ke hawa. Sai Laure ta ce, "Yo su mutanen nan, ƙuda ba ya zuwa garinsu?" Na bayyana maganar tebur da danshi. Ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! A bar abin da zai shiga ciki a buɗe, a kare katako. 'Yar lakwal, mai boko, ko dai ke ce kika riƙe wayar a juye?" Kowa ya yi dariya, har ni. Na fito da hoton ya zaga hannu hannu. Da ya isa wurin Gwaggo ta daɗe tana kallo, ta miƙo mini, ba ta yi dariya ba.

Ba laifinsu ba ne. Duk wadda aka ce wa faifan kofi a garinmu, murfi za ta ɗinka. Ni ma da ban ga hoton ba haka zan fahimta.

A hanyar dawowa na tuna ranar da nake ƙarama, na ɗauki sabon faifanki na zauna a kai ina wasan kasuwa. Ba ki cika duka ba, amma ran nan kin ɗalle mini hannu. Kika ce, "Abin da ke rufe abinci ba a zama kansa, ba a ƙetare shi." Kika kakkaɓe shi, kika rataye.

Na kuma tuna azumi. Gab da magariba yara na ta kai kawo da kwanuka tsakanin gidaje, ba mai tambayar daga ina. Faifan ake dubawa. Na Laure mai kore ne da yawa. Naki baƙin zobe ne, sai ja a cikinsa, kuma jan ba ya haɗewa: kina barin ɗan wuri fari, faɗin yatsa, wanda kike kira ƙofa. Na taɓa tambayarki dalili, kika ce, "Albarka ta ina za ta shiga?" Wani lokacin kuma kika ce wa Laure galura ce ta ƙare miki ran farko, kika ga ya yi kyau kika bari. Ban san wanne ne gaskiya ba. Kila duka.

Wannan ne ya hana Gwaggo dariya. Da sauran suka watse ta ce mini, "Ramatu, faifan da ba tudu ba wuya gare shi, cibiyar kawai zan kwantar. Amma zanen nan ba nawa ba ne, aro na yi. Duk garin nan wanda ya gan shi ya san kwanon uwarki ne. Mai shi ta tafi, ke ta bari. In kin ce a sa shi ƙarƙashin kofin wanda ba mu sani ba, sai in sa. In kin ce a'a, ko basilla ba zan ɗauka ba."

Na ce ta ba ni shawara. Ta ce, "Ni da ban yi lakwal ba?" Kin san Gwaggo in ta so ta guje wa magana.

Na koma wurin matar mai shago na tambaya ko za ta karɓi wani zane. Ta ce na Laure da sauran suna da kyau, za ta ɗauki kaɗan, amma naki ne ya ja hankalinta, in babu shi ba ta da tabbacin cinikin zai ɗore.

Sai kuma na yi abin da ya ƙara rikita ni. Na koma ƙamus don in gano yadda aka yi sunan jirgin ruwa ya koma kan abin ɗora kofi. Bayanin da na samu shi ne, a gidajen masu hali na can, a da, akwai wani ɗan faranti da ake ɗora kwalba a kai, ana tura shi yana zaga gefen tebur daga baƙo zuwa baƙo, kamar yadda jirgin ke bin gaɓa. Kwalbar kuwa ta giya ce, Inna. Na rufe littafin na zauna.

Na rubuta wa matar, cikin ladabi, na tambaye ta me ake ɗorawa a kai yanzu. Ta amsa da gaskiyarta. Ta ce ruwa, shayi, madara, duk abin da mai gida da baƙinsa ke sha. Ta ce ba za ta iya yi mini alkawarin abin da mai saye zai yi a cikin gidansa ba. Na ji daɗi da ba ta yi mini ƙarya ba, na kuma so a ce ta yi.

Na je wurin limamin unguwarmu. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce a iya saninsa, abin da aka yi don amfanin halal, wanda ya yi shi ba ya ɗaukar laifin wanda ya karkatar da shi, kamar masaƙin tabarma da bai san wa zai zauna a kai ba, kuma Allah ne mafi sani. Na yi godiya. Sai da na sa takalmi na fito na gane ba zunubi kaɗai na je tambaya ba. Abin da nake son ji shi ne ko ke za ki ji ciwo, wannan kuwa ba ya cikin littattafansa.

Ga ɗaya gefen, kada in ɓoye miki. Garinmu ya canza. Yanzu a cikin kular abinci da kwanon roba mai murfi ake kai abinci. Azumin bana na zauna a ƙofar gida na duba, faifai ɗaiɗai ne ya wuce. 'Yan mata ba sa koyon ɗinkin. Ni kaina ban koya ba. Duk lokacin da kika miƙo mini basilla sai in ce ina da karatu, ki ce, "Je ki, boko ma ɗinki ne." Idon Gwaggo ya fara rauni, sai ta fito rana take iya zura kaba. In ta ajiye basilla, zanenki ya tafi. Amma ranar da maganar cinikin nan ta bazu, da idona na ga Zali, ɗiyar Laure, ta ajiye waya ta zauna kusa da Gwaggo tana ƙirga zagayen baƙi da yatsa.

To ki gani, Inna. In na hana, zanen ya mutu da mutuncinsa, a rataye a bango. In na bari, ya rayu, amma a ƙasa. Na juya maganar nan har na daina gane gabanta da bayanta.

Na tuna kuma ke kanki ba ki yar da tsohon faifai. In bakinsa ya zare sai ya koma fifita wuta, daga nan ya koma shanya kuka, a ƙarshe ki zuba wa kaji tsaba a kai. Kina cewa, "Faifai ba ya mutuwa, sauka yake." Na so in riƙe wannan a matsayin izininki. Amma ni mai son gaskiya ce ko da ba ta yi mini daɗi ba: naki sai sun gama aikinsu a sama suke sauka. Waɗannan tun ran haihuwarsu a ƙasa za su fara.

Gwaggo ta ƙara mini wata. Ta ce kin taɓa gaya mata kakarki ce ta fara zanen, a jikin matashin fata na wasu Buzaye masu ayarin gishiri ta gan shi. In haka ne, tun asali a ƙarƙashin kan mutum yake, kuma baƙo ne da ya sauka gidanmu. Na tambayi Baba, ya ce bai taɓa ji ba. Babu wanda zan ƙara tambaya.

Daga ƙarshe na samo abin da na ɗauka dabara ce. Na ce wa Gwaggo a ɗinka, da baƙin da jan, amma a haɗe jan, a rufe ƙofar. Ta haka matar ta samu abin da take so, abin da ke naki na ainihi kuma ya zauna gida. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Marayan faifai ke nan." Na ce na ji, a yi hakan. Na sanar da matar, ta ce ba komai. Ina jin ma ba ta lura da ƙofar ba tun farko, wannan kuma ya ba ni haushi, ban san dalili ba.

Shekaranjiya Gwaggo ta zo Dakoro da kanta, da ƙunshin faya-fayan a ɗankwali. Ta kwance a kan teburin Mushe Sani. Sun kwanta sumul, ya ɗora kofinsa ya zauna daram. Na ɗauki ɗaya na duba. Ƙofar tana nan. Na ɗauki na biyu, tana nan. Na bi su duka.

Na ce, "Gwaggo, ba haka muka yi ba."

Ta ce, "Na sani. Na farkon da niyyar rufewa na zauna. Ina kaiwa wurin, hannu ya tsallake. Na warware na sake, ya sake tsallakewa. Zali kuwa abin da ta ga na yi shi ta yi. In ƙara za ki kai, ki kai wurin uwarki, ita ta koya ma hannun nan."

Mushe Sani ya ce in ina so a mayar a gyara, zai nemi a ƙara mana lokaci. Ba wanda ya matsa mini. Na kwana biyu da su a ɗakina. Yau da safe na ɗauko naki na ƙasan akwati na ajiye kusa da na Zali. Nata ya ɗan karkace, jan ya yi kauri a gefe ɗaya. Amma wanda duk ya san ki, ya gan shi zai ce daga gidanmu ya fito. Ban iya cewa a warware shi ba. Na jera su a kwali na ɗaure.

A tasha yaron mota ya karɓi kwalin zai cusa shi ƙarƙashin buhunan wake. Na ce a'a, a sama za a sa shi, kada a ɗora masa komai. Ya ce, "Madam, ƙwai ne ko gilashi?" Na ce faifai ne. Ya ce, "Faifai? Shi ne ake wannan faɗa?" Na tsaya a kansa har ya ɗaure shi can ƙololuwar kaya. Motar na fita na ga wautata: ina faɗa kada buhu ya hau su tsakanin Dakoro da Maraɗi, alhali na san inda za su.

Ga abin da ban sani ba har yanzu, na rubuta miki don kada in yi kamar na sani.

Ban sani ba ko da kina nan za ki ɗalle mini hannu, ko za ki yi dariya ki ce a ƙara ja.

Ban sani ba ko hannun Gwaggo ne ya ƙi da gaske, ko ita ce ta yanke hukunci ta ɗora wa hannu.

Ban san teburin da za su sauka ba, ko abin da za a sha a kansu.

Ban sani ba ko Zali za ta ci gaba in ciniki ya tsaya.

Ban sani ba ko mutum mai shekaruna zai iya fara koyon riƙe basilla. Na gaya wa Gwaggo zan zo ranar Asabar. Ta ce in taho da yatsun da ba sa jin tsoron jini.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Ya yafe miki, ya sanyaya makwancinki, ya rufa miki asiri ranar tsayuwa kamar yadda kika rufa mana namu. In na yi kuskure a kan abinki, Allah ya sa kada ya taɓa ki, ni ya nuna mini. Amin.

Ɗiyarki, mai kewarki,
Ramatu